Yarjejeniyoyin Haɗin Guiwa Tsakanin Hukumomin Kwastan na Ƙasashen Duniya: Asalinsu, Ire-irensu da Matsalolinsu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Legas zuwa Seme, ko Sakkwato zuwa Illela, ko Katsina zuwa Jibiya, ya san jami'in kwastan, ya kuma san cewa aikinsa shi ne duba kayan da ke shigowa ko fita da karɓar harajin gwamnati. Abin da yawancinmu ba mu cika lura da shi ba shi ne, ikon wannan jami'i yana ƙarewa ne daidai inda ƙasarsa ta ƙare. Idan ya ƙara taku ɗaya ya tsallaka iyaka, to ya koma baƙo kamar kowane matafiyi. Shi kuwa kayan da yake dubawa, a wata ƙasa aka saye shi, a can aka rubuta takardunsa, a can kuma aka ƙulla duk wata ƙarya da ke cikin takardun, in akwai ta. To, ta yaya zai gano gaskiyar abin da ya faru a inda ƙafarsa ba za ta iya zuwa ba?

Amsar wannan tambaya ita ce abin da zan yi ƙoƙarin bayyanawa a wannan maƙala. Zan fara da ma'anar kalmomi, sannan in kawo dalilan da suka tilasta wa ƙasashe haɗa kai, da manyan yarjejeniyoyin da aka ƙulla, da yadda suke aiki. Daga ƙarshe zan dubi halin da Nijeriya da maƙwabtanta suke ciki.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kalmar "kwastan" Hausawan Nijeriya sun aro ta ne daga Ingilishi, yayin da 'yan'uwanmu na Nijar kan ce "duwan", wadda suka aro daga Faransanci. Amma fa aikin da kansa ya girmi zuwan Turawa. Tun zamanin fatauci, ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro yakan biya kuɗin fito a mashigin kogi da kuma ƙasashen sarakunan da ya ratsa, madugu ne kuma ke yin ciniki a madadin ayari. Shi ya sa har yau ake kiran harajin kwastan da "kuɗin fito". Shigo da kaya ta ɓarauniyar hanya don kauce wa wannan haraji, ko shigo da abin da doka ta hana, shi ake kira fasa-ƙwauri.

Yarjejeniyar haɗin guiwa ta kwastan kuwa, ita ce rubutaccen alkawari tsakanin ƙasashe biyu ko fiye, wanda ya ba hukumominsu na kwastan damar musayar bayanai, da taimakon juna wajen bincike, da daidaita ƙa'idojin aikinsu. Akwai wadda ake yi tsakanin ƙasa da ƙasa, akwai ta yanki guda kamar Afirka ta Yamma, akwai kuma wadda ta game duniya.

3.0 Dalilan Haɗin Guiwa

Dalili na farko shi ne kuɗin shiga. A ƙa'idar da ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka amince da ita, ana lissafa haraji ne bisa ainihin kuɗin da aka sayi kaya. Bari in buga misali domin a fahimta. A ce wani ɗan kasuwa ya sayi kaya na dala 50,000 a wata ƙasa, harajin irin wannan kaya kuma kashi 20 cikin ɗari ne. Abin da ya wajaba ya biya shi ne dala 10,000. Sai ya haɗa baki da wanda ya sayar masa, aka rubuta masa rasit na dala 20,000. Yanzu dala 4,000 kawai zai biya, gwamnati ta yi asarar dala 6,000 a kwantena ɗaya tak. Jami'in da ke Apapa yana iya zargin cewa farashin ya yi araha, amma zargi ba hujja ba ne. Hujjar tana can cikin takardar fitar da kaya da aka miƙa wa kwastan ɗin ƙasar da kayan ya baro, inda sau da yawa mai sayarwa kan rubuta farashin gaskiya, musamman in yana neman a mayar masa da wani haraji. Idan aka ajiye takardun biyu gefe da gefe, ƙarya ta ƙare.

Dalili na biyu shi ne kare rayuka da muhalli. Miyagun ƙwayoyi, da makamai, da jabun magunguna, da sassan namun dajin da ke neman ƙarewa, duk ta kan iyakoki suke bi. Mu a nan Nijeriya ba za mu manta da abin da ya faru a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel a shekarar 1988 ba, lokacin da aka gano ganguna masu ɗauke da guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a filin wani bawan Allah. Wannan lamari yana cikin abubuwan da suka zaburar da duniya wajen ƙulla yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 kan safarar shara mai guba.

Dalili na uku shi ne sauƙaƙa wa mai gaskiya. Babu tashar jiragen ruwan da za ta iya buɗe kowace kwantena ta zazzage. In an yi haka, ciniki ya tsaya. Bayanan da ke zuwa daga wata ƙasa tun kafin jirgi ya iso su ke taimaka wa jami'ai su ware 'yan kwantenonin da ake shakka a kansu, su bar saura su wuce.

4.0 Manyan Yarjejeniyoyi na Duniya

4.1 Ƙungiyar Kwastan ta Duniya

Uwar wannan tafiya ita ce Majalisar Haɗin Kan Kwastan, wadda aka kafa a 1952, ta kuma yi zamanta na farko a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam ranar 26 ga Janairu, 1953, da ƙasashe 17. Saboda haka ne ake bikin Ranar Kwastan ta Duniya a kowace 26 ga Janairu. A 1994 aka sauya mata suna zuwa Ƙungiyar Kwastan ta Duniya, wato WCO a taƙaice. Yanzu tana da mambobi fiye da 180, waɗanda kusan kashi 98 cikin ɗari na cinikin duniya ke bi ta hannunsu. A watan Yunin 2025 aka zaɓi shugaban Hukumar Kwastan ta Nijeriya, Bashir Adewale Adeniyi, a matsayin shugaban majalisar ƙungiyar.

4.2 Yarjejeniyoyin Daidaita Harshe da Tsarin Aiki

A matsayinmu na ɗaliban harshe, mun san cewa mutane biyu ba sa taimakon juna sai sun fahimci maganar juna. Haka abin yake ga kwastan. Abin da Bahaushe ya kira shinkafa, kowace ƙasa da sunan da take kiransa. Don haka aka ƙirƙiro tsarin bai-ɗaya na lambobin kaya, wanda aka amince da shi a 1983, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1988. A wannan tsari kowane nau'in kaya yana da lamba mai alƙaluma shida. Babi na 10 na hatsi ne, shinkafa ita ce 10.06, wadda aka casa kuma ita ce 1006.30. Ko a Tailan, ko a Binin, ko a Nijeriya, lambar ɗaya ce. Wannan shi ne harshen da jami'an kwastan na duniya ke magana da shi.

Sai kuma yarjejeniyar Kyoto ta 1973, wadda aka sabunta a 1999, sabuwar ta fara aiki a watan Fabrairun 2006. Ita manufarta sauƙaƙa matakan fitar da kaya da daidaita su, da rage yawan takardu, da amfani da kwamfuta, da bai wa ɗan kasuwa damar ɗaukaka ƙara in bai gamsu da hukuncin jami'i ba.

4.3 Yarjejeniyoyin Taimakon Juna Wajen Bincike

A nan ne zuciyar batun take. A watan Yunin 1977 aka ƙulla yarjejeniyar Nairobi kan taimakon juna wajen hana laifuffukan kwastan da bincikensu da daƙile su, ta fara aiki a 1980. Tana da rataye 11, kowanne da irin taimakon da ya ƙunsa. Akwai na tantance darajar kaya, akwai na sa ido kan mutane da motocin da ake zargi, akwai na barin jami'i ya je ya ba da shaida a kotun wata ƙasa. Rataye na 10 ya shafi miyagun ƙwayoyi, na 11 kuma kayan tarihi da na al'ada. An bai wa kowace ƙasa damar zaɓar ratayen da take so, ko da ɗaya ne. A ganina, wannan sassauci shi ne ƙarfinta, shi ne kuma rauninta, domin ƙasashe biyu ba su da nauyin juna sai a kan ratayen da dukkansu suka karɓa.

Don cike wannan giɓi aka fito da yarjejeniyar Johannesburg a 2003. Ta faɗaɗa taimakon har zuwa musayar bayanai tun kafin kaya su iso, da kafa tawagar bincike ta haɗin guiwa, da bin mai laifi har cikin ƙasar maƙwabta idan ya tsere. Sai dai ƙasashe ba su yi rububin shigarta ba. Da yawa sun fi son yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, inda kowa zai zaɓi abokin da ya yarda da shi. WCO ta tanadi samfurin da ake bi wajen rubuta irin wannan yarjejeniya, Nijeriya da Amurka ma sun sa hannu kan irinta a 2013.

4.4 Bayan Harin 2001

Harin 11 ga Satumba, 2001 a Amurka ya sauya tunanin duniya game da kwantena. A 2002 Amurka ta fara tura jami'anta manyan tashoshin jiragen ruwa na wasu ƙasashe, bisa yardar ƙasashen, domin a duba kayan da za su nufe ta tun kafin a loda su. A 2005 kuma WCO ta amince da tsarin da ake kira SAFE, wanda ya kawo batun amintaccen ɗan kasuwa. Ma'ana, kamfanin da aka bincika aka tabbatar yana bin doka, sai a rage masa bincike. Idan ƙasashe biyu suka amince da tantancewar juna, to amincin da ya samu a gida zai bi shi har waje.

Bugu da ƙari, yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki da aka cimma a Bali a 2013, wadda ta fara aiki ranar 22 ga Fabrairu, 2017, ta keɓe sashe na 12 ga haɗin kan kwastan. Ta shar'anta cewa ƙasar da ke neman bayani sai ta fara yin nata binciken tukuna, wadda aka tambaya kuma ta yi ƙoƙarin ba da amsa cikin kwana 90.

5.0 Yadda Taimakon Yake Gudana

Taimakon juna iri biyu ne. Na farko shi ne wanda aka roƙa. Hukuma takan rubuta wa takwararta, ta faɗi abin da take bincike, da dokar da ake zargin an karya, da ainihin bayanin da take so. Na biyu shi ne wanda ake bayarwa ba tare da an roƙa ba, wato idan wata hukuma ta tsinkayi abin da zai cutar da wata ƙasa, sai ta tsegunta mata.

Misali mai kyau na iri na biyu ya faru a watan Yulin 2019. Hukumar kwastan ta Sin ta tsegunta wa hukumomin Singafo labarin wasu kwantenoni uku da suka taso daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango za su Biyetnam, waɗanda takardunsu suka ce katako ne a ciki. Da aka buɗe sai ga tan 11.9 na ɓawon ɗan kunya da tan 8.8 na hauren giwa. A duba fa, kayan daga Afirka suka fito, Singafo ratse ne kawai, mai labarin kuma yana wata ƙasa dabam. Abin ya shafe mu kai tsaye, domin a watan Afrilun wannan shekarar Singafo ta kama tan 12.9 na ɓawon ɗan kunya a kwantenar da ta taso daga Nijeriya, an rubuta cewa daskararren naman shanu ne.

Domin irin wannan aiki WCO take da rumbun bayanai na kamun da ake yi a ƙasashe, da ofisoshin tattara bayanan sirri na yankuna. Na Afirka ta Yamma yana Dakar, na Afirka ta Tsakiya yana Duwala.

Akwai kuma iyakoki da ya kamata ɗalibi ya sani. Bayanin da aka samu amana ne, ba a amfani da shi sai don abin da aka nema. Ƙasa tana da ikon ƙin taimakawa idan tana ganin hakan zai taɓa 'yancinta ko tsaronta, ko ya cutar da halattaccen sirrin kasuwanci. Haka kuma yarjejeniyar Nairobi ba ta haɗa da kama mutum a miƙa shi ba, ko karɓo wa wata ƙasa bashin haraji.

6.0 Nijeriya da Maƙwabtanta

Ta fuskar takarda, yankinmu bai yi baya ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 1982 shugabannin ECOWAS suka sa hannu a Kwatano kan yarjejeniyar taimakon juna a harkar kwastan, tare da wata kan kayan da ke ratsa ƙasa zuwa wata ƙasa ta hanyar mota. A Janairun 2015 aka fara aiki da harajin bai-ɗaya na kayan da ke shigowa daga wajen yankin, mai matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35. A Oktoban 2018 Shugaba Muhammadu Buhari da Shugaba Patrice Talon suka buɗe ofishin kan iyaka na haɗin guiwa a Seme da Krake, inda jami'an ƙasashen biyu za su yi aiki ƙarƙashin rufi ɗaya. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda aka sa wa hannu a Kigali a 2018, ita ma tana da rataye na musamman kan haɗin kan kwastan.

Matsalar da ta fi damun yankin ita ce ta kayan ratse. Nijar ba ta da teku, don haka kayanta kan sauka a tashar wata ƙasa, a ɗauko su a mota ba tare da an biya musu cikakken haraji a can ba, tunda ba a nan za a sayar da su ba. Abin da ke tsare wannan tsari shi ne hatimin da ake liƙa wa mota, da jinginar kuɗi da ba a sakewa sai kwastan ɗin ƙasar da aka nufa ta tabbatar kaya sun isa. Idan hukumomin biyu ba sa magana da juna, ko takardar tabbatarwa ta zama abin saye, sai kayan su ɓace a hanya, su ɓullo a kasuwar wata ƙasa. Don toshe wannan kafa aka ƙaddamar da tsarin SIGMAT a 2019, wanda ke haɗa kwamfutocin hukumomin kwastan na yankin, ta yadda ofishin da mota za ta isa zai ga bayananta tun daga tasowarta.

Duk da haka, a watan Agustan 2019, ƙasa da shekara ɗaya bayan buɗe ofishin Seme, Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu. Babban ƙorafinta shi ne shinkafar waje da ake saukewa a Kwatano a shigo da ita ta ɓarauniyar hanya, da man fetur mai tallafi da ake fitarwa. Ba a fara buɗewa ba sai a Disambar 2020, lokacin da aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. A tsawon wannan lokaci abinci ya yi tsada, 'yan kasuwar da ke bin doka suka yi asara, mutanen garuruwan kan iyaka da ke cin kasuwar juna tun kaka da kakanni suka shiga ƙunci. Abin lura shi ne, a watan Nuwamban 2019 sai da Nijeriya da Binin da Nijar suka zauna a Abuja suka amince da sintirin haɗin guiwa. Wato bayan an rufe ƙofa, sai aka koma ga abin da aka sa wa hannu tun 1982.

Me ya sa alkawarin bai yi aiki ba tun farko? A fahimtata, dalilin shi ne bambancin muradi. Idan wata ƙasa ta tsawwala haraji kan wani kaya ko ta hana shigo da shi, maƙwabciyarta kuma tana samun kuɗin shiga daga saukar wannan kaya a tasharta, to da wuya ta zage damtse wajen toshe hanyar cin abincinta. Sai a haɗa da cin hanci, da ƙarancin kayan aiki, da bambancin harshen aiki tsakanin masu Ingilishi da masu Faransanci, da tsawon iyaka, domin tsakanin Nijeriya da Nijar kaɗai akwai kimanin kilomita 1,500.

Siyasa ma ta ƙara dagula lamarin. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumin da ya rufe iyakoki har zuwa farkon 2024. A ranar 29 ga Janairu, 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata. Tunda yarjejeniyoyin da na ambata na ECOWAS ne, ficewar ta sa ya zama dole a sake duba tushen da haɗin kan kwastan zai tsaya a kai tsakanin Nijeriya da Nijar. Akwai dai hukumar haɗin guiwa ta ƙasashen biyu da aka kafa tun 1971, mai mazauni a Yamai, wadda za a iya ginawa a kanta.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala na yi ƙoƙarin nuna cewa ikon jami'in kwastan yana da iyaka, shi kuwa mai fasa-ƙwauri ba ya kula da iyaka, don haka hukumomi ba su da mafita sai haɗa kai. Na kawo yarjejeniyoyin da suka daidaita harshe da tsarin aiki, kamar lambobin kaya da Kyoto, da waɗanda suka tsara taimakon juna, kamar Nairobi da Johannesburg. Na kuma nuna cewa a yankinmu takardun suna nan tun 1982, aiwatarwa ce ta yi ƙaranci.

Masu iya magana kan ce sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. Tsagewar bangon a nan ita ce rashin yarda tsakanin maƙwabta da tazarar da ke tsakanin harajinsu. Shawarata ita ce gwamnatoci su rage wannan tazara, su haɗa kwamfutocin ofisoshinsu na kan iyaka, su kuma raba aikin kwastan da saɓanin siyasa. Mu ma ɗaliban Hausa muna da rawar takawa. Direban da ya taso daga Maraɗi, da dillalin da ke Jibiya, da jami'an ɓangarorin biyu, sau da yawa da Hausa suke fahimtar juna, alhali dokokin da ke hukunta su suna rubuce da Ingilishi da Faransanci. Fassara waɗannan dokoki da samar musu da daidaitattun kalmomi aiki ne da ke jiran masu ilmin harshe, domin ɗan kasuwar da ya san abin da doka ta ɗora masa da abin da ta ba shi, yana da wuyar cuta.